Kwanar Garin Abbo

Asabar, 17 ga Yuni, 1995

Yau muka binne Philemon.

Na rubuta, na tsaya ina kallon rubutun. Mijina. Baban Mary. Ran Talata da safe ya fita, ya ce zai je Mutum Biyu duba gonakin gwaji na ofishinsu, da yamma ya dawo. Har ya ce in yi masa miyar karkashi. Motar ofis ba taya, sai ya shiga ta haya, fijo. A hanyar dawowa, wajen kwanar Garin Abbo, motar ta bar titi ta faɗa rafi. Mutum huɗu suka mutu. Direba bai mutu ba.

Matan zumuntar coci sun cika gidanmu nan unguwar Turaki a Jalingo, suna ta waƙa har muryoyinsu suka dushe. Kowa ya shigo, "Caroline, sai haƙuri." Ina amsawa. Ban san da wane baki ba.

Mary ta tambaye ni ko gobe za mu je coci. Shekararta tara. Na ce ban sani ba.

Talata, 20 ga Yuni

Ruwa tun asuba. Ba na son jin ƙararsa a kan kwano yanzu.

Juma'a, 23 ga Yuni

Yaya Barnabas, wan Philemon, ya dawo daga ofishin 'yan sanda. Sunan direban Aƙilu. A Yelwa yake zaune, mata ɗaya da yara ƙanana. Yana kwance a asibiti da karaya a cinya, ɗan sanda na gadinsa. In ya tashi za a kai shi kotu.

Yaya ya ga wata mata da ta tsira, mai sayar da busasshen kifi. Ta ce tun daga tasha direban yake zuba gudu, wai yana so ya riga hadari shiga Jalingo. Ta ce har Philemon ya yi masa magana: "Direba, a hankali mana, muna da iyali." Shi kuwa ya ce, "Oga, kar ka damu, hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina."

Yunwar cikinsa.

Na ce wa Yaya ina so a ɗaure shi har ya tsufa a ciki. Ya ce, "Maman Mary, bar wa hukuma." Na ce ai hukumar nake jira.

Laraba, 5 ga Yuli

Sun zo gaisuwa. Dattawan tasha da matar direban, Balaraba. Wani tsoho Bafulatani ne ya fara magana, "Allah hokku munyal," wato Allah ya ba da haƙuri, yana ta maimaitawa. Ita kuma ta durƙusa a tsakar gida da goyo a baya, ko tabarma ba ta hau ba. Ta ce, "Yaya, don Allah. Ba da gangan ba ne. Shi ma ba ya barci."

Wai ba ya barci! Ni ina yi ne?

Na tashi na shige ɗaki na turo ƙofa. Buhun masarar da suka kawo na sa aka mayar musu har tasha. Fasto ya ji labari, ya ce ban kyauta ba. Wataƙila. Ba shi ne ke kwana shi kaɗai ba.

Litinin, 17 ga Yuli

Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa na je kotun majistare. Yau na fara ganinsa.

Ban san me ya sa nake zaton ƙato ne ba. Ɗan siriri ne, baƙi, da sanda a hammata, rigar ta yi masa yawa. Bai fi ƙanena ba. Aka karanta tuhuma da Turanci, tafinta ya juya masa: tuƙin ganganci da ya jawo mutuwa. Aka ce ya amsa ko bai amsa ba. Ya ce, "Gudu kam na yi, amma ba gudun ne…" Lauyansa ya yi wuf ya tashi ya katse shi. Aka rubuta bai amsa laifi ba. An hana beli.

Da kunnena na ji. Gudu kam na yi. Me kuma ake jira?

Balaraba na benci ɗaya da ni, can ƙarshe. Ta gaishe ni. Na kalli bango.

Alhamis, 27 ga Yuli

Lauyan Aƙilu ya biyo ni har makaranta lokacin hutun tara. Barista Suleiman. Ƙarfin hali! Muka tsaya ƙarƙashin mangwaro, yara na leƙenmu ta taga.

Ya ce, "Malama, ba zan ɓoye miki ba, Aƙilu nake karewa. Amma kwanar nan ta ci mutane kafin mijinki, kuma za ta ci wasu bayansa."

Wai shekarun baya aka faɗaɗa titin aka zuba sabuwar kwalta, amma aka bar tsohon kwalbati siriri a ƙarshen kwana, daidai inda gangara ta ƙare. Ba allon gargaɗi, ba ƙarfen tare mota. Wai kwanar ma waje ta karkata maimakon ciki, in an yi ruwa sai ta riƙa tura mota bakin rafi. Yana so wani daga cikin iyalan mamatan ya kai ofishin da ke kula da hanyar ƙara. Sauran iyalai ukun sun ce ƙaddara ce, ba ruwansu da kotu. Ni na rage.

Ya ce doka wata uku kawai ta ba mai son kai ma'aikatan gwamnati ƙara, daga ranar da abin ya faru. In ya wuce, shi ke nan, ko gaskiyar mutum ta kai ina.

Na ce, "In na yi, zai taimaki Aƙilu?"

Ya ce, "Zai iya."

Na ce, "To ka samu amsarka."

Ashe dabarar ke nan. A ɗora wa kwalta laifi, mai laifi ya koma gida ya ci tuwo da matarsa. Da sunan Philemon kuma za a yi! Na koma aji, na kasa rubutu a allo.

Lahadi, 6 ga Agusta

A coci aka ɗauko waƙar da yake so. Na fita waje. Mary ta biyo ni, muka zauna kan dakali har aka tashi. Yarinyar nan ta yi shiru da yawa.

Talata, 22 ga Agusta

Kotu. Mai kifi ta ba da shaida, ta faɗi duk abin da ta gaya wa Yaya. Da ta zo kan "muna da iyali" sai na ji kamar shi ne a bayana.

Ma'aikacin duba motoci ya ce burki lafiya, tayoyin baya ne suka ɗan suɗe.

Sai aka kira injiniya daga ofishin masu hanya. Ina ɗaga kai na ga Injiniya Tobias ne, dattijon cocinmu, wanda ya riƙe kan akwatin Philemon ranar jana'iza. Ya rantse da Littafi. Ya ce an gina titin bisa zanen da aka amince da shi, direba mai hankali zai wuce lafiya.

Barista Suleiman ya ce, "Akwai allon gargaɗi a wurin?"

"An tanade shi a tsari."

"Ba tsari na tambaye ka ba. A bakin hanya, akwai?"

"Ban je wurin kwanan nan ba."

Mutane suka yi guna-guni, ɗan sanda ya daka tsawa. Ni dai na ji daɗi. Direba mai hankali zai wuce lafiya. Na riƙe wannan na kawo gida kamar wadda ta yi tsintuwa.

Lahadi, 27 ga Agusta

Da ma bai yi min magana ba.

An tashi coci, Injiniya Tobias ya tare ni bayan ɗakin 'yan mawaƙa. Ya yi ta juya hularsa a hannu. Ya ce, "Maman Mary, akwai abin da ke damuna. Ni da iyalina ba ma bin hanyar nan in ana ruwa."

Na ce ban gane ba.

Ya ce gadar da ya kamata a yi a wurin, an ce sai kashi na biyu na aikin. Ɗan kwangila ya kwashe kayansa ya tafi, kashi na biyu bai zo ba har yau. Ofishinsu na cewa gyaran na wani ofishi ne, wancan na cewa nasu ne. Kowa a wurin aiki ya san kwanar.

Na ce, "Baba, to me ya sa ba ka faɗa a kotu ba?"

Ya ce, "Abin da aka tambaye ni na amsa. Ritaya ta kusa, 'yata."

Ya sauke kayansa a kaina ya yi tafiyarsa. Me zan yi da su? Duk da haka Aƙilu ya yi gudu. Da bakinsa ya faɗa. Ya yi gudu.

Alhamis, 7 ga Satumba

Barista ya sake zuwa, wannan karon gida. Ya ce mako mai zuwa wa'adin zai cika. Ko kujera ban ba shi ba. Na ce ya bari a gama shari'ar mai kisa tukuna.

Ya ce, "Malama, dokar ba za ta jira ba."

Na ce ta wuce abinta.

Ga abin da ba zan gaya wa kowa ba. In titi ne, wa zan tsana? Titi ba shi da fuska. Ofis ba shi da fuska. Aƙilu yana da ita, na san ta, da ita nake kwana nake tashi. In aka ɗauke min ita, ban san abin da zai riƙe ni a tsaye ba.

Litinin, 25 ga Satumba

An yanke. Shekara biyu, ba zaɓin tara.

Majistare ya ce ya ji duk abin da aka faɗa game da hanya, amma kotun nan ba titi take wa shari'a ba, direba ne a gabanta. Wanda ya san hanya na da haɗari, shi ya fi cancanta ya rage gudu.

Balaraba ta zube ƙasa, goyon ya tsala ihu. Wasu mata suka kama ta.

Da za a fita da shi sai da suka bi ta gabana. Na ɗauka yafiya zai roƙa, har na shirya abin da zan ce. Ya tsaya kan sandarsa ya ce, "Madam, na taka burki. Wallahi na taka. Ita ce ta ƙi tsayawa." Gandiroba ya ja shi.

Yaya Barnabas ya ce, "To, Maman Mary, an share miki hawaye." Na ce i.

Talata, 26 ga Satumba

Na ɗauka zan yi barci.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na matsa wa Yaya sai da ya kai ni wurin. Tun da abin ya faru ban taɓa zuwa ba. Muka tafi a tsohuwar motarsa Bitil, daga Jalingo muka wuce kwanar, muka juyo don mu biyo ta yadda su Philemon suka biyo. Ana ɗan yayyafi.

Titin kyakkyawa ne, wallahi. Faɗi, santsi, baƙi wuluk. Mutum zai ce har Jalingo haka yake. Sai gangara. Sai kwana, ciyawa ta fi tsayin mutum ta rufe gaba. Yaya ba mai gudu ba ne, kowa ya san shi, ga shi kuma ya san abin da ke gaba. Amma muna shiga kwanar na ji jikina ya tafi wajen ƙofa, bayan motar ya ja gefe kamar an fizge shi. Yaya ya ce, "Yesu!" Kafin in ƙifta ido titin ya tsuke, rabinsa ya ɓace, ga kwalbati, ga rafi a ƙasa. Da ƙyar muka haye.

Ya tsaya can gaba. Ya kashe motar.

Na fito na koma da ƙafa. Ruwa kwance a kan kwalta daidai kwanar, ba inda zai bi ya fita. Ba allo. Ba ƙarfe. Gefen kwalbatin duk ya gutsuttsure. A ƙasa cikin ciyawa, gilasai, murfin taya, takalmin yaro ƙafa ɗaya, ƙofar wata mota shuɗiya. Fijon su Philemon fara ce.

Wani manomi ya fito daga cikin dawa, ya ce sunansa Manga. Ya ce su ne masu ciro mutane, da sun ji ƙara sai su yar da fartanya su rugo. Sun taɓa ajiye tsohuwar ganga a bakin kwana don masu mota su gani, wata babbar mota ta take ta.

Na ce masa na watan Yuni, farar fijo.

Ya dube ni. "Mai tabarau, da farar riga?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "Bai sha wuya ba, Inna. Matata ce ta kwance zanenta ta rufe shi, don ruwa na dukansa."

A nan na zauna, a tsakiyar titi. Sai da suka ɗaga ni.

Litinin, 9 ga Oktoba

Daga makaranta na hau acaɓa zuwa ofishin Barista Suleiman. Na ce na zo, a shigar da ƙarar.

Bai yi min gori ba. Da ma ya yi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, "Malama, lokaci ya wuce. Ko mun shigar, lauyoyinsu ba za su ma taɓo maganar kwana ba. Kwanan wata kawai za su nuna wa alƙali."

Na ce, mutum huɗu fa. Ya ce ya sani.

Na ce, shi ke nan ba wanda zai amsa? Ya ce, "An riga an samu wanda ya amsa. Yana gidan yari."

Ya ce ya ɗaukaka ƙarar Aƙilu, amma kafin a saurara wataƙila ya ci rabin wa'adinsa. Ba shi na zo tambaya ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Injiniya Tobias ne ya yi addu'ar rufewa yau. Ban ce amin ba.

Laraba, 25 ga Oktoba

Kwanar ta sake ci.

Jiya, cikin ruwan nan na ƙarshen damina. Wani malamin asibiti, Michael, mutumin Yelwa, shi da abokin aikinsa, a motar kansa. A ɗakin malamai na ji. Hedimasta ya san shi, ya ce har ba'a ake masa wai mai keke na wuce shi a titi. Shi ke tuƙi. Duk biyun sun mutu.

To yanzu wa za su ɗaure?

Na shiga aji na ba yara aikin lissafi, na tsaya bakin taga. In da na amsa wa Barista tun watan Yuli, da an kafa ko allo ne? Ban sani ba. Wataƙila da ba a yi komai ba. Ƙara ba ta gina gada cikin wata uku. Haka nake ta gaya wa kaina tun safe.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na bi matan zumunta gaisuwa Yelwa. Matar Michael, Rachael sunanta. Yarinya ce, ga ciki ya fito. Tana zaune kan katifa a ƙasa, ido a bushe, kowa na zuwa yana "sai haƙuri", tana amsawa. Na san wannan amsawar.

Da layi ya zo kaina na durƙusa. Na buɗe baki in ce haƙuri, sai na ji ina cewa, "Ƙanwata, nawa mijin ma a kwanar nan ya mutu. Wata uku kawai gare ki ki kai ƙara. Kar ki yi abin da na yi."

Surukarta ta ji. Ta ce, "Haba baiwar Allah! Ana makoki kina kawo zancen kotu? Lokacinsa ne ya yi." Shugabar zumunta ta harare ni, ta ja min zane. Na ji kunya, na yunƙura zan tashi.

Rachael ta riƙe min hannu. Da ƙarfi, har farcenta ya shiga. Ta ce, "Yaya, wace kotu?"

Na gaya mata komai. Gangarar, ruwan da ke kwanciya, kwalbatin, abin da na ji a bayan ɗakin 'yan mawaƙa. Na ce in an kira ni zan faɗa a gaban alƙali, da sunan wanda ya gaya min. Ban san zan ce haka ba sai da na ce.

A hanyar dawowa ba wadda ta yi min magana cikin matan. Oho.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na raka Rachael da wanta wurin Barista. Ya ce wannan karon suna cikin lokaci. Ya ce ba alkawari, gwamnati ba a kayar da ita da sauƙi, shari'ar na iya cin shekaru. Amma dole su zo kotu su yi bayanin kwanar da bakinsu. Manga da mutanen Garin Abbo za su ba da shaida. Yaya Barnabas ma ya ce a rubuta shi.

Don Philemon na yi. Da yarinyar nan da cikinta. Ba don kowa ba.

Da suka shiga ciki sa hannu, na fito baranda in jira. Benci ɗaya ne a wurin, kuma da mutum a kai. Balaraba. Ta zo jin labarin ɗaukaka ƙara. Ta rame, goyon ya fara tafiya, yana riƙe da bakin zanenta. Tana ganina ta miƙe za ta koma tsaye can rana.

Na ce ta zauna, benci ai ya ishe mu.

Muka zauna. Ba mai kallon wani. Yaron ya zo ya dafa gwiwata da hannu duk ƙasa, ta yi sauri za ta janye shi, na ce ta bar shi.

Can na ji na ce, "Yaya mai gidan?"

Ta ce, "Da sauƙi, Yaya." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Gaisuwa ce kawai. Kowa ma ana gaishe shi.